Yadda Za Ka Gane Abin da Ake Nufi da "Shoot" a Turanci

Duk wanda ya koyi Turanci a aji ya san cewa "shoot" tana nufin harbi, kuma wannan sanin daidai ne, sai dai bai kai rabin abin da kalmar take ɗauke da shi ba. Mai ɗaukar hoto yana amfani da ita, ɗan ƙwallo yana amfani da ita, haka ma manomi da likita da matuƙin jirgin ruwa da mai sharhi kan tattalin arziki, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya riƙe bindiga. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya tak, sa'annan ya shiga karanta jarida ko fassara labari, ba zai yi nisa ba sai ya kashe mutumin da yake da ransa, ko kuma ya mai da wurin ɗaukar fim fagen daga. Haddace jerin ma'anonin da ke cikin ƙamus ma ba ya magance matsalar, domin sun yi yawa, kuma kullum masu harshen suna ƙirƙiro sababbi. Abin da yake aiki shi ne mutum ya riƙe tushen kalmar, sa'annan ya koyi inda zai kai idonsa a cikin jimla.

Fara da ajiye bindigar

Kalmar ta girmi bindiga da ɗaruruwan shekaru. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila tun kafin shekara ta 1100, siffarta ita ce "sceotan", kuma 'yar'uwa ce ga "schiessen" ta Jamusanci da "schieten" ta mutanen Holan. Albarushi kuwa a ƙasar Sin aka ƙirƙiro shi, kuma manyan bindigogi ba su bayyana a yaƙe-yaƙen Turai ba sai a ƙarni na 14. Kafin wannan lokacin abin da kalmar take nufi shi ne wani abu ya fita daga inda yake da sauri da ƙarfi, ya miƙe ya nufi wani wuri, ko kuma wani ya sa shi yin hakan. Kibiya tana yin haka idan ta bar baka, mashi yana yin haka, haka ma mutumin da ya zabura ya fice a guje. Da bindiga ta zo, sai harsashi ya shiga sahun abubuwan da suke fita da sauri, kuma a hankali ya mamaye kalmar har aka fara ganin kamar tasa ce tun asali.

Akwai shaidar wannan a cikin kalmomin da suka fito daga tsatso ɗaya da ita. "Shut", wato rufe ƙofa, ta samo asali ne daga tura sakata ta shige raminta, kuma har yau ana cewa "shoot the bolt" idan an danna sakata. "Shuttle" ita ce ƙoshiyar masaƙi wadda take fyallawa tsakanin zare daga wannan gefe zuwa wancan, kuma daga nan ne sunan ya hau motar da take zirga-zirga tsakanin wurare biyu, har ya kai ga kumbon Amurka da ya riƙa zuwa sararin samaniya yana dawowa har zuwa 2011. Kalmar da ta zo tare da albarushi ita ce "fire", domin wuta ake sa wa albarushin kafin ya tashi, shi ya sa masana harbin baka suke ƙyamar a ce an yi "fire" da kibiya, tunda babu wuta a cikin lamarin.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka a duk inda ka ci karo da kalmar ita ce: mene ne yake fita da sauri a nan, daga ina, kuma ina ya nufa? Idan ka amsa wannan, sau da yawa ma'anar tana fitowa da kanta ba tare da ka buɗe ƙamus ba. Ka kuma tuna cewa siffar aikin da ya wuce ita ce "shot", babu "shooted" a Turanci, kuma wannan "shot" ɗin tana zama suna mai zaman kansa, wanda za mu koma kansa a gaba.

Dubi abin da ya biyo bayanta

Idan abin da ya biyo bayan kalmar mutum ne ko dabba, kuma babu kyamara a kusa, to harbi ne na gaske, amma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne muni. "He shot the man" tana nufin harsashi ya sami mutumin. "He shot at the man" tana nufin an auna shi an yi harbi, ba ta ce an same shi ba, kuma galibi mai magana ya zaɓe ta ne domin an kuskure. 'Yar ƙaramar kalmar "at" ita ce ta raba wanda yake kwance a asibiti da wanda ya tsira ba ko ƙwarzane. Bayan wannan, samun mutum da harsashi daban, mutuwarsa daban, kuma Turanci ba ya cewa ya mutu sai an ƙara wani abu, kamar "shot dead" ko "fatally shot" ko "shot and killed". A ranar 30 ga Maris 1981 an harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a birnin Washington, ya warke ya ƙarasa wa'adinsa har ya sake cin zaɓe. A ranar 13 ga Mayu na wannan shekarar an harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin Saint Peter, shi ma ya rayu har 2005. John F. Kennedy kuwa, wanda aka harba a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, a ranar ya rasu. Dukansu uku ana cewa "was shot" a kansu, don haka kalmar ita kaɗai ba ta isa ta gaya maka wanda ya mutu ba.

Hausa a nan ta fi Turanci kayan aiki, matuƙar mai fassara ya yi amfani da su da lura. "Ya harba bindiga" tana magana kan makamin, "ya harbi mutumin" tana cewa an same shi, "ya harbe mutumin" tana kai shi lahira, "ya harbo tsuntsu" kuma tana saukar da shi ƙasa. Tarkon yana wajen wakilin suna: idan ka rubuta "an harbe shi", mai karatu ba ya jin karin sautin da zai bambance masa harbin da ya jikkata da wanda ya kashe, kuma mafi yawan mutane za su ɗauka mutuwa ce. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce a fito fili. Idan mutumin ya mutu, a ce an bindige shi ko an harbe shi har lahira, idan kuwa yana da rai, a ambaci sunansa a ce an harbi wane, a kuma faɗi inda harsashin ya same shi idan labarin ya ambata.

Suna "a shooting" shi ma yana buƙatar irin wannan hattara. Yana nufin wani ya yi harbi a wani wuri, ba ya faɗin adadin waɗanda suka mutu, ba ya ma cewa an mutu. "A shoot-out" kuwa musayar wuta ce tsakanin ɓangarori biyu. A Birtaniya akwai wani bambanci da baƙo ba ya lura da shi: "shooting" a bakin masu farauta tana nufin harbin tsuntsaye da bindiga, wanda lokacinsa yake buɗewa ranar 12 ga Agusta ga wani tsuntsun tsaunuka mai kama da makwarwa, yayin da "hunting" take nufin bin dabba a kan dawakai da karnuka, irin farautar da dokar 2004 ta haramta a Ingila da Wales. Ba'amurke kuwa duka biyun "hunting" yake ce musu.

Idan abin da ya biyo baya hoto ne ko fim ko bidiyo ko talla, to ɗauka ake nufi. "They shot the film in Morocco" tana nufin a Maroko aka ɗauki fim ɗin, "a photo shoot" zama ne na ɗaukar hotuna, "shooting begins in May" kuma a bakin masu shirya fim tana nufin a watan Mayu za a fara ɗauka. Ba haka kawai wannan ma'anar ta faɗo ba. Mai kyamara yana ɗaga na'ura zuwa idonsa, ya auna, ya danna da yatsa, kamar dai maharbi. Kalmar "snapshot" ta maharba ce tun farko, tana nufin harbin gaggawa ba tare da tsayawa auna ba, kafin masanin taurari Sir John Herschel ya ɗora ta a kan ɗaukar hoto a 1860. A 1882 kuma wani masanin kimiyya Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga sak, wadda take ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, domin ya nazarci yadda tsuntsaye suke kaɗa fikafikansu. Wurin da ake rikicewa shi ne inda mai ɗaukar hoto ya ambaci mutum kai tsaye, kamar "I shot the bride in the garden", wadda ba ta nufin komai illa ya ɗauki amarya hoto a lambu. A irin wannan hali jimlar ita kaɗai ba za ta cece ka ba, dole ka san sana'ar mai maganar. Daga wannan reshen ne aka sami "screenshot", hoton fuskar waya ko kwamfuta, da "mugshot", hoton da 'yan sanda suke ɗaukar wanda suka kama.

A fagen wasanni ma'anar tana bin irin wasan. A ƙwallon ƙafa "shoot" ita ce buga ƙwallo da niyyar zura ta a raga, kuma ta bambanta da miƙa wa abokin wasa, sa'annan ba ta nufin an ci, domin cin ƙwallo "score" ne. Mai sharhin da ya ce wata ƙungiya ta yi "twelve shots, three on target" yana nufin sau 12 ta kai hari, uku ne kawai suka nufi raga. "Penalty shoot-out" shi ne bugun fenareti na raba gardama, irin wanda ya kammala wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994, lokacin da Brazil ta doke Italiya da ci 3 da 2 bayan an tashi babu ci, da na 2022 inda Ajantina ta doke Faransa da ci 4 da 2. Wanda ya fassara wannan da musayar wuta ya tafka abin kunya. A ƙwallon kwando jefawa ce da hannu zuwa kwando. A wasan golf kuwa lamba ce take biyo baya, kuma "she shot 68" tana nufin ta kammala ramuka 18 da bugu 68, wanda abin yabo ne, domin a wannan wasan ƙarancin bugu ake nema, kuma yawancin filaye a kan bugu 72 ko kusa da haka aka ƙiyasta su. Amurkawa suna kuma cewa "shoot pool" da "shoot dice", inda kalmar take tsayawa a madadin yin wasan kawai.

Sauran abubuwan da suke biyo bayanta ba su da wuya idan ka riƙe tushen. "She shot him a look" kallo ne aka watsa masa, galibi harara. "Shoot me an email" roƙo ne na a turo saƙo da sauri, kuma magana ce ta tsakanin abokan aiki, ba ta takardar hukuma ba. "Shoot questions at someone" jero masa tambayoyi ne ba ƙaƙƙautawa. Matuƙan jiragen ruwa na da suna cewa "shoot the sun" idan sun auna tsayin rana daga gefen sararin sama da na'urar awo domin su san inda suke a teku, masu kwale-kwale kuma suna cewa "shoot the rapids" idan sun bi ta inda kogi yake gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu.

Idan babu abin da ya biyo baya, koma kan mai aikin

A jimloli da yawa kalmar ba ta da karɓau, kuma a nan mai aikin ne da kansa yake zama kibiyar. "The boy shot out of the room" yaro ne ya fice daga ɗaki a guje. "A car shot past" mota ce ta wuce fyau. "Flames shot into the sky" harshen wuta ne ya tashi sama. "Her hand shot up" ɗaliba ce ta ɗaga hannu tun malami bai rufe baki ba. Likita zai tambaye ka ko ciwon da kake ji "shooting pain" ne, wato mai tsirawa daga wani wuri ya bi jijiya ya sauka a wani, kamar wanda yake tasowa daga ƙugu ya gangara ƙafa, ya bambanta da ciwo mai zugi a wuri ɗaya, kuma wannan bambancin yana taimaka masa ya gane ko jijiya ce ta matse. "Shooting star" kuwa ba tauraro ba ne, ɗan gutsuren dutse ne ko ƙura daga sararin samaniya yake ƙonewa yayin da ya shigo iskar duniya, sai a ga haske ya keta sama ya ɓace nan take. Kada a haɗa shi da tauraro mai wutsiya, wanda yake kwanaki ko makonni ana ganinsa.

Tsirrai ma suna yin "shoot", kuma ina ganin wannan ita ce ma'anar da ta fi nisa daga bindiga, ita ce kuma mafi kusa da tushe. Tsiron da ya huda ƙasa ya fito, ko tohon da ya fito a jikin reshe, sunansa "a shoot". Daga nan aka sami "offshoot", wato ƙungiya ko kamfani ko aƙidar da ta tsiro daga jikin wata babba. Masu sharhin tattalin arziki kuma suna cewa "green shoots" idan sun hango alamun farfaɗowa bayan karayar arziki. Ministan kuɗin Birtaniya Norman Lamont ya yi amfani da wannan salon a 1991 tun ƙasar tana tsakiyar matsi, ya sha ba'a a kansa, kuma har yau duk wanda ya furta shi yana jawo wa kansa tambayar ko ya yi gaggawa.

Kula da 'yan ƙananan kalmomin da suke manne mata

Turanci yana da ɗabi'ar liƙa wa aikatau ƙaramar kalma irin "up" ko "down" ko "for", sai ma'ana ta juya, kuma "shoot up" ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin fuska huɗu gare ta. Idan farashi ne ko zafin jiki ko yawan marasa aikin yi, to tashin gwauron zabi ne. Idan yaro ne, to ya yi tsawo farat ɗaya. Idan 'yan bindiga ne kuma an ambaci gini ko mota, to ruwan harsasai suka yi wa wurin. Idan kuwa mutum ne shi kaɗai, babu karɓau, kuma zancen miyagun ƙwayoyi ake yi, to allurar ƙwaya ya yi wa kansa a jijiya. Hanyar rarrabewa ita ce wadda ka riga ka koya: dubi mai aikin, dubi abin da aikin ya faɗa wa.

"Shoot down" ta fi sauƙi. A zahirinta harbo jirgin sama ne ko kakkaɓo shi, kamar yadda Tarayyar Sobiyat ta yi wa jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ranar 1 ga Mayu 1960, ta kuma kama matuƙinsa Francis Gary Powers da rai. A ɗakin taro kuwa shawara ce ake yin fatali da ita, kuma kalmar tana nuna an yi hakan nan take ba tare da sassauci ba. "Shoot for" ita ce sa wani abu a gaba a matsayin buri, "shoot back" mai da martani ne da harsashi ko da baki, "shoot off" kuma a Birtaniya tashi ne a tafi cikin gaggawa. "Overshoot" zarce iyaka ce, kamar jirgin da ya wuce ƙarshen titin saukarsa ko ma'aikatar da ta kashe fiye da kasafinta. "Troubleshoot" ta fito ne daga ma'aikatan layukan tarho na Amurka masu bin waya suna neman inda ta lalace, kuma yau ita ce kalmar da za ka gani a littafin kowace na'ura a shafin gano matsala da gyara ta.

Suna "shot" da salon maganar da aka gina a kansa

A asibitin Amurka "a shot" allura ce, kuma a lokacin rigakafin korona an ga bambancin ƙasashen biyu ƙarara, domin jaridun Amurka "shot" suke rubutawa, na Birtaniya kuma "jab". A wurin sayar da abin sha ɗan ƙaramin awo ne da ake kurɓewa a tashi ɗaya, ko na gahawa mai kauri ko na barasa. A wasannin motsa jiki "the shot" ita ce dunƙulen ƙarfen da ake jefawa, mai nauyin kilo 7.26 ga maza da kilo 4 ga mata, kuma ta sami sunan ne daga dunƙulen da ake ɗura wa igwa. "A good shot" tana iya zama harbi mai kyau, ko hoto mai kyau, ko kuma shi kansa mutumin da ya iya harbi. Idan aka ce "the engine is shot", injin ya gama yawo, ba harbinsa aka yi ba.

Ma'anar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ta gwaji. "Give it a shot" tana nufin ka gwada sa'arka, "a long shot" abu ne da da ƙyar zai yiwu, kamar harbi daga nesa, "a shot in the dark" kuma lalube ne cikin duhu. "A shot in the arm" tana ruɗar mutane domin suna jin kamar rauni ne, alhali daga allura ta fito, kuma tana nufin abin da ya ƙara wa mutum ko kasuwa ƙarfi. "The upshot" sakamakon ƙarshe ne, kuma asalinta harbin ƙarshe a gasar 'yan baka.

Ƙa'idar fassara irin waɗannan ita ce kada ka ɗauko hoton Turancin, ka nemi abin da Bahaushe yake faɗa a irin wannan hali. Wanda yake "call the shots" shi ne mai wuƙa da nama. "A big shot" ƙusa ne. Wanda ya yi "shoot himself in the foot" ya daɓa wa cikinsa wuƙa. Wanda yake "shoot his mouth off" bakinsa ba shi da linzami, wanda yake "shoot from the hip" kuma yana yanke magana ko hukunci ba tare da tunani ba, kamar wanda ya harba bindiga tun daga ƙugu bai ɗaga ta ya auna ba. "A straight shooter" mutum ne mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. "Don't shoot the messenger" tunatarwa ce cewa ɗan aike ba shi da laifin saƙon da ya kawo. "Shoot the breeze" hira ce ta kashe lokaci, kuma kada kalmar iska da ke cikinta ta ja ka zuwa shan iska, domin wannan yawo ne, waccan kuwa a zaune ake yin ta. Yawancin waɗannan na hira ne da kanun jarida, ba su dace da takardar neman aiki ko rahoton hukuma ba, kuma a wurin da aka yi rashi ta hanyar harbi mai hankali yana kauce musu gaba ɗaya.

Akwai kuma lokacin da kalmar take tsayawa ita kaɗai. Idan ka ce wa Ba'amurke kana da tambaya ya amsa da "Shoot", cewa yake yi faɗi, ina jin ka. Idan kuwa ya tuna ya bar makullinsa a gida ya ce "Shoot!", to kash yake cewa, kuma ya zaɓe ta ne domin ta tsaya a madadin wata kalmar ashar mai kama da ita a sauti. A bakin 'yan kallo a filin ƙwallo umarni ne ga ɗan wasa ya buga. Murya da wuri ne kawai suke raba waɗannan ukun.

Idan daga Hausa kake komawa Turanci

Kuskuren yana da hanyar dawowa, domin harbi a Hausa shi ma ya yi rassa, sai dai ba ta inda "shoot" ta yi nata ba. Kunama tana harbi, amma a Turanci "sting" take yi. Jaki yana harbi, amma "kick" yake yi. Mutum yana harbuwa da cuta, amma wannan "infected" ne. Ana harba tauraron ɗan Adam ko kumbo, kuma kalmar da ta dace ita ce "launch", makami mai linzami kuma "fire" ko "launch". Ita kanta "fire" tana da reshen da "shoot" ba ta da shi, wato korar ma'aikaci, don haka "he was fired" da "he was shot" ba sa musanya ko kusa. A kunne kuma a kula da "chute", wadda ake furta ta daidai da "shoot" amma daga Faransanci ta zo, tana nufin magangarar da ake zuro kaya ta cikinta ko lemar saukowa daga jirgi.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne ko kalmar aikatau ce ko suna, domin "shoots" tana iya zama yana harbi, tana kuma iya zama tsirrai, kuma wani lokaci waƙafi ɗaya ne yake yanke hukunci. Malaman Turanci suna da wata barkwanci da suke koyar da wannan da ita, game da dabbar nan ta ƙasar Sin mai suna panda, wadda kusan duk abincinta gora ne. An so a rubuta cewa tana cin tsiro da ganye, wato "eats shoots and leaves", sai marubucin ya saka waƙafi bayan kalmar farko, nan take sunaye biyun suka rikiɗe suka zama aikatau, jimlar ta koma cewa dabbar tana cin abinci, ta yi harbi, ta kama gabanta.